Asarar da Ba Ma Sa Ta a Lissafin Noma: Abin da Haɗarin Mota Ke Cinye wa Manomi

Ranar Lahadi, 8 ga Satumban 2024, wata tankar mai ta yi taho-mu-gama da wata babbar mota da ta ɗauko shanu da mutane a yankin Agaie na Jihar Neja. Nan take wuta ta tashi. A ƙidayar farko, hukumar ba da agajin gaggawa ta jihar ta ce mutum 48 ne suka rasu, shanu aƙalla 50 kuma suka ƙone ƙurmus. Kafin wannan, a watan Nuwamban 2023, wata tirela da ta taso daga Sakkwato maƙare da kayan abinci da mutane sama da 200 ta kife a ƙauyen Takalafiya da ke ƙaramar hukumar Magama, ita ma a Jihar Neja, mutum 25 suka riga mu gidan gaskiya, wasu da dama suka jikkata.

An yi jaje, an yi addu'a, bayan kwana biyu wani labarin ya danne wannan. Amma a garuruwan da mutanen nan suka fito, a lokacin ne lissafi ya fara. Masu hawa saman buhuna da saman shanu mun san su sarai: manomi ne mai raka kayansa, ɗan ci-rani ne, makiyayi ne, matashi ne da ya tafi neman kuɗin taki. Wa zai girbe gonar da ya bari? Wa zai biya bashin da ya ci a ƙungiya? Wa zai ci da yaransa har kaka mai zuwa?

Mu manoma muna lissafa iri, taki, maganin feshi, ƙwadago da kuɗin mota. Muna tsoron fari, ambaliya, tsutsa da faɗuwar farashi. Amma akwai wata asara da ke iya cinye noman shekara uku cikin minti ɗaya, kuma ba mu taɓa ware mata ko mudu ɗaya ba. Ita ce asarar hanya.

Abin da alƙaluma ke cewa

Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗuran hanya duk shekara a faɗin duniya, wasu miliyan 20 zuwa 50 kuma suna samun raunuka, da yawansu su nakasa har abada. Kashi 92 cikin ɗari na mace-macen nan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ake yin su, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Biyu cikin kowane mutum uku da ke mutuwa masu shekara 18 zuwa 59 ne, wato majiya ƙarfi, masu riƙe da fartanya da gida. Ga yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29 kuwa, babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe su.

A Najeriya, Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, FRSC, ta ce mutum 5,081 ne suka rasu a 2023, adadin ya hau zuwa 5,421 a 2024. Wannan kuma iya waɗanda labarinsu ya kai ga jami'anta ne. Wanda babur ya kayar a hanyar gona, aka kai shi wurin mai ɗori, ya cika bayan mako biyu, ba ya cikin littafin kowa. Shi ya sa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya kan Najeriya ya haura mutum dubu 30 a shekara.

Ta fuskar dukiya, hukumar ta ce haɗuran hanya na cinye wa yawancin ƙasashe kusan kashi 3 cikin ɗari na duk abin da suke samarwa a shekara. Mu mayar da shi lissafin gona: kamar a ce gari ya noma buhu 100, a ɗebi uku a zuba a kogi, bana a zuba, baɗi ma a zuba. Wani bincike da Bankin Duniya ya fitar a 2018 kan ƙasashe biyar, ciki har da Tanzaniya da Indiya, ya nuna cewa idan ƙasa ta rage haɗuran hanya da rabi, arzikin da ke kan kowane ɗan ƙasa zai iya ƙaruwa da kashi 7 zuwa 22 cikin ɗari a tsawon shekara 24.

Sai dai fa wannan kashi 3 ɗin ba a raba shi daidai tsakanin jama'a. Gida dubu ba su rasa komai ba, gida ɗaya ya rasa komai. A nan ne abin ya shafe mu.

Karaya ɗaya, damina ɗaya

Mu ɗauki misali da magidanci mai noma buhu 30 na hatsi a shekara, yana da shanun huɗa biyu da 'yan awaki. A watan Yuni, ruwa ya sauka, ya hau acaba zai sayo taki a kasuwar mako, mota ta kaɗe su, ya karye a cinya.

Karayar cinya kan ɗauki wata uku zuwa shida kafin mutum ya koma aiki mai nauyi. Daminarmu a arewa kuwa wata uku ce zuwa biyar. Ma'aikacin gwamnati idan ya kwanta wata huɗu, albashinsa na shiga. Manomi idan ya kwanta wata huɗu daga Yuni, shekarar ta tafi ke nan. Shuka ba ta jira, noman fari ba ya jira, ciyawa kuwa ba ta san mai gona na asibiti ba.

Kuma ba mutum ɗaya gonar ta rasa ba. A asibitocinmu dole wani ya zauna jinya, ko ƙane ko babban ɗa ko uwargida. Hannu biyu ke nan suka bar gona a lokacin da aka fi buƙatarsu. Idan an tura shi babban asibiti, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ga kuɗin mota, ga abinci, ga hoto, ga jini, ga aiki, ga ƙarfen da za a sa. A Najeriya, sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye. Aljihun manomi kuwa shi ne garkensa da rumbunsa.

To ga yadda abin ke tafiya. Da farko a sayar da awaki. Ba su isa ba, a kama sa ɗaya, a sayar da shi cikin gaggawa, a farashin da dillali ya ga dama. Sa ɗaya ba ya jan garma, don haka ɗayan ma ya zama nauyi. Kuɗin taki ya tafi magani, gonar da aka samu aka shuka ta ba da buhu 12 maimakon 30. Da kaka masu bashi su taso, a sayar da hatsi lokacin da ya fi araha, da bazara a dawo a saye shi da tsada. In abin ya ƙi, a jinginar da gona. Yaron da ke makaranta a cire shi ya tafi ƙwadago. Haɗarin minti ɗaya ne, amma gidan zai yi shekaru yana biyan sa.

Idan kuwa rasuwa aka yi, ba a magana. Mace ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma, marayu su koma hannun 'yan'uwa waɗanda su ma da ƙyar suke ci da nasu, gona a raba ta gado ta zama ƙanana. Ga kuma abin da ba a sayen sa a kasuwa: mutumin da ya shekara 20 yana noman albasa, ya san ƙasa, ya san iri, ya san dillalan Legas da na Fatakwal, duk ya tafi da saninsa.

Wanda bai hau motar ba ma yana biya

Kada wani ya ce ai ni ba na tafiya kudu. Motar tumatir da ta tashi daga Kwanar Gafan, ko ta albasa daga Aliero, ko ta hatsi daga Dawanau, galibi ba kayan mutum ɗaya ba ne. Mutum goma ko ashirin ne suka haɗa lodi. Idan ta kife tsakanin Mokwa da Jebba, gidaje ashirin ne suka yi asara a rana ɗaya. Wasu cikinsu bashi suka ci suka yi noman, wasu kuma kayan maƙwabta suka karɓa da alkawarin sai an dawo.

Ko motarka ba ta faɗi ba, idan wata ta faɗi ta tare hanya kwana ɗaya ko biyu, tumatir da tattasai da ke cikin kwando suna dahuwa a rana. Daga Kano zuwa Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kayan gwari kuwa ba su da haƙurin jira. Ɗan kasuwa ya san da wannan, shi ya sa yake cire kuɗin kasadarsa tun a bakin gona: ya rage maka farashi, ya ƙara wa mai saye a birni. Mai mota ma yana saka kuɗin gyara da asarar da ya taɓa yi cikin kuɗin ɗauko kaya. Ka ga ashe kowane kwando na biyan harajin haɗari, ko da ba a rubuta shi a rasit ba.

Ƙungiya ma tana ji a jikinta. Inda aka karɓi bashi da lamunin juna, idan mutum ɗaya ya kwanta ko ya rasu, sauran ne za su cike giɓin, in ba haka ba a rufe wa kowa ƙofa baɗi. Gadon asibitin da mai karaya zai yi wata biyu a kai kuma, da jinin da za a ƙara masa, su ne dai mai haihuwa da yaro mai zazzaɓi ke jira.

Me ya sa muke hawa saman kaya?

Ba don rashin hankali ba ne, lissafi ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. Hawa tirela ya fi bas araha nesa ba kusa ba, ga kuma mai kaya na son idonsa na kan kayansa. Direba da yaransa su ma kuɗin mutanen da suka ɗora a sama nasu ne, ba na mai mota ba. Kowa na ganin ya ci riba.

Amma lissafin bai cika ba. Motar kaya ba ta da kujera, ba ta da abin riƙewa. Idan ta kife, buhunan da ka zauna a kai su ne za su danne ka, shanun da ke ƙasa su tattake ka. Ɗora mutane a sama kuma yana ƙara wa motar nauyi ta can bisa, ta fi saurin kifewa a kwana. 'Yan dubban da aka rage a kuɗin mota, a ɗora su a sikeli ɗaya da sa guda da damina guda, a ga wanne ya fi nauyi. Garin neman gira ne ake rasa ido.

Haka batun gudu. Mu da kanmu muke ce wa direba ya taka, a riski kasuwar asuba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin ɗari a gudun mota yana ƙara yiwuwar haɗari mai kisa da kashi 4. Wato direban da ya tashi daga kilomita 80 zuwa 88 a awa ya ƙara wa kowa kasada da kusan kashi 40, don ya rage 'yan mintoci. Dokar hanya ta Najeriya kilomita 60 a awa ta yarje wa tirela da tanka a babban titi mai hannu biyu. Ku tuna gudun da kuka gani da idonku.

Gaskiya ne kowa da kwanansa. Amma ba mu taɓa ƙin yin feshi ba don mun ce tsutsa ƙaddara ce. Muna yin namu, sannan mu bar wa Allah sauran. Hanya ma haka take.

Namu kason

Ba direbobi da gwamnati kaɗai ke da hannu ba. Da kaka mukan shanya masara, barkono da rogo a gefen kwalta, mu jera duwatsu don kada mota ta taka, mai babur ya zo da dare ya ci karo da su. Amalanken shanu kan dawo daga gona bayan magariba ba fitila ba komai, cikin hazon hunturu. Ranar kasuwa mukan baje kaya har tsakiyar titi. Babur ɗaya ya ɗauki buhu biyu da mutum biyu, ba mai hular kwano ko ɗaya, alhali hular kwano mai kyau tana rage yiwuwar mutuwa fiye da sau shida.

Sai kwasar mai. Ranar 15 ga Oktoban 2024, tanka ta faɗi a garin Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a Jigawa, jama'a suka taru da jarkoki, wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu. Lokacin girbi ne, kuma mafi yawansu matasa ne. Wata uku bayan nan aka sake yin irinsa a mahaɗar Dikko a Jihar Neja. A Yamai ma an taɓa ganin haka a watan Mayun 2019, kusa da filin jirgin sama. Jarkar fetur ɗaya ba ta kai kuɗin jinyar ƙuna ta kwana ɗaya ba, balle rai.

Abin da ƙungiya za ta iya yi tun bana

Abin da ya fi ƙarfin manomi ɗaya, ƙungiya na iya yin sa, domin ita ce ke ba da lodi, mai ba da lodi kuwa yana da bakin magana.

Na farko, a rubuta doka: motar da ta ɗauki kayan ƙungiya ba za ta ɗauki mutane a sama ba. A wakilta mutum ɗaya ko biyu amintattu su zauna a gaba, sauran su bi bas ko su zauna gida. Yanzu da waya ana iya jin farashi, a ga hoton kaya, kuɗi ya shigo asusu. Ba sai mutum ashirin sun raka kwando 300 ba.

Na biyu, a duba mota kafin a yi lodi, kamar yadda ake duba sa kafin a saya. A dubi birki da fitilu da tayoyi. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Tayar da ta tsufa ko ta suɗe, a ce a'a. A tambaya ko akwai direba na biyu a tafiya mai nisa. Direban da aka san yana shan ƙwaya don ya kore barci, a daina ba shi kaya, a kuma sanar da sauran ƙungiyoyi.

Na uku, a daina matsa wa direba. A yi lodi da wuri don kada a ce sai an yi gudu. In da hali, a yi alkawarin ɗan ihsani ga direban da ya kai kaya lafiya, maimakon wanda ya riga kowa isa.

Na huɗu, a fahimci inshora. Tun daga Janairun 2023, inshorar dole ta ƙaramar mota ta koma naira 15,000, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, kuma 'yan sanda sun fara tilasta ta a Fabrairun 2025. Amma wannan ba ta biyan kayan da ke cikin mota. Kaya na da tasu inshorar daban, ta kaya a kan hanya, kuma akwai kamfanonin takaful ga masu son tsarin Musulunci. Takardun bogi sun yi yawa, don haka a tantance lambar mota kafin a yarda. Wanda ya hau saman kaya kuwa, da wuya iyalansa su ga diyya.

Na biyar, a buɗe asusun ko-ta-kwana. Kowane mamba ya ba da tiya ɗaya ko biyu a kan kowane buhu da kaka, a ajiye, a sayar da bazara, kuɗin ya zauna don jinya kawai. Amfaninsa shi ne kada a sayar da san huɗa a daren da aka kai mutum asibiti. A haɗa da gayya: wanda ya kwanta da damina, ƙungiya ta nome masa gona. Iyayenmu sun yi haka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kuma binciki yadda mambobi za su shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha a ƙungiyance.

Na shida, a gyara gida. A nemi filin shanya ko a sayi tamfol a bar gefen titi. A manna wa amalanke da kura ƙyalle mai ƙyalli a baya. Ƙungiya ta sayo hular kwano da yawa a rarraba, a biya da kaka. A koya wa matasa biyu ko uku taimakon farko: yadda ake tsayar da jini, da yadda ake ɗaga wanda ake zargin ya bugu a wuya ko gadon baya ba tare da an lanƙwasa shi ba. Kowa ya ajiye lambar 122 ta FRSC a wayarsa. A kuma sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

Abin da za mu nema a wurin hukuma

Idan 'yan siyasa suka zo, taki muke roƙo. Mu ƙara da hanya. Mu nemi a gyara miyagun kwanoni da ramukan da kowa ya san suna cin mutane, a matsar da kasuwannin mako daga kan titi, a samar da wuraren da manyan motoci za su tsaya su huta, a sa motar ɗaukar marasa lafiya a manyan hanyoyin da kayan gona ke bi. Mu nemi jami'an da ke shingaye su sauke mutane daga saman kaya maimakon su karɓi na goro su ɗaga hannu. Mu nemi a mayar da dakon hatsi da dabbobi na nesa kan jirgin ƙasa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa burin rage mace-macen hanya da rabi tsakanin 2021 da 2030, lokaci kuwa ya ja.

'Yan'uwa manoma, maza da mata, noma ba ya ƙarewa ranar da aka ɗinke buhu. Sai kaya sun isa kasuwa, mai kaya kuma ya dawo gida da ƙafafunsa. A taron ƙungiya na gaba, bayan an gama maganar iri da taki, wani ya ɗaga hannu ya tambaya: bana wace mota za ta ɗauki kayanmu, wa zai hau ta, kuma in wani abu ya faru, me muka tanada? Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa mu ci gumin da muka zubar cikin ƙoshin lafiya.